Ƙofar da Ke Cikin Giwar Lambun Rimaye

Ranar Laraba ce, tsakiyar bazara, rana ta take tsaka. Hashimu shi kaɗai ya rage a Lambun Rimaye, yana tsugune a gindin giwa yana shafa wa faratanta fenti.

Giwar ta siminti ce. Haka zakin, haka ɓaunar, haka jiminar, haka kadan da ke kwance a bakin busasshen tafki. Tun zamanin Turawa suke wurin. Lambun kuwa suna kawai ya gada, don babu rimi ko ɗaya a cikinsa. An ce an sare su ne lokacin da za a fitar da hanyoyi, kuma duk inda ka ga dabba a tsaye, nan wani rimi ya taɓa tsayawa. Ba wanda ya damu ya tambayi dalili.

Shekaru sun ci dabbobin. Hauren giwa ya karye, rodi ya leƙo. Zaki ya rasa muƙamuƙi. A wata tarzoma matasa suka fille wa jimina kai, wai gunki ce. Sai bana gwamnati ta ware kuɗin gyara, aka ba Hashimu aikin, saboda shi ya karanci sassaƙa, yana kuma koyar da zane a sakandare. Shi kuma ya ɗauko yayansa Sallau, magini. Sallau mutum ne mai faɗin ƙirji da yawan dariya. Shi ya yi dakon bulo ya biya wa Hashimu makaranta bayan rasuwar mahaifinsu, bai kuma taɓa goranta masa ba. Abu biyu aka san shi da su a wurin aiki: ba ya ɗaga cokalin gini sai ya yi bisimilla, kuma in ya yi shafe, sai dai ginin ya rushe ya bar shafen a tsaye.

Dabbobin nan duk cikinsu fanko ne. Kowace tana da rami ɗaya a ƙarƙashin ciki, daidai shigar hannu, bakinsa sumul kamar an daɗe ana gogarsa. Hashimu ya ce a bar su, ta nan ruwa ke fita, ta nan siminti ke shan iska. Amma Malam Kallamu, jami'in da ofis ya turo ya sa ido a kan aikin, ya zura hannu a ramin zaki, ya zaro ƙullin wiwi da kwalbar maganin tari.

"Ka gani ko? Ma'ajiyar 'yan shaye-shaye. A toshe su duka. Ranar Asabar manya za su zo yanke ƙyalle, ba zan tsaya ina yi wa kowa bayanin rami ba."

"Ranka ya daɗe, in aka toshe, da damina ta zo…"

"Malam Hashimu, ba lacca na zo ji ba. Sallau, kai ne magini. Za ka iya ko ba za ka iya ba?"

Sallau ya ƙyalƙyale da dariya. "Ni? Ko iska ba za ta shiga ba, yallaɓai."

Ya kuwa cika magana. Ranar Talata da hantsi ya bi su ɗaya bayan ɗaya. Ya yi bisimilla, ya cusa ragar waya, ya danna kankare, ya shafe. Kafin azahar, ko Hashimu sai ya laluba yake gane inda ramin yake.

To, yau Laraba, leburori sun tafi cin abinci, Sallau ya bi su. Zafi ya kwanta a kan lambun. Hashimu ya lura kurciyoyin da ke kuka tun safe sun yi shiru. Ƙarar motocin titi ma ta ɗauke, kamar an toshe masa kunne.

"Sannu da aiki, mai fenti."

Daga bayan kunnensa muryar ta fito. Ya waiwaya. Ba kowa. Da ya juyo, sai ga mutum a gabansa. Dogo, siriri, dattijo. Rigarsa ta koɗe, tana jan ƙasa. Yana riƙe da ƙwarya an rufe ta da faifai.

"Yawwa, sannu baba. Ai ba a buɗe lambun ba tukuna. Sai Asabar."

"Gida na dawo."

Bakin yana motsi a gaba. Maganar tana sauka a baya.

"Jiya da asuba na fita cin kasuwa. Kasuwarmu da nisa. Na dawo na tarar ba ƙofa."

Hashimu ya ce a ransa mahaukaci ne. Da ma mahaukata sun saba kwana a lambun kafin a kore su.

"Baba, ƙofa tana can gabas, ta inda ka shigo."

Dattijon ya ajiye ƙwarya. Ya sunkuya ƙarƙashin giwa, ya ɗora tafinsa daidai inda Sallau ya liƙe. Bai laluba ba.

"Nan nake nufi. Uwargida tana ciki. Da yara. Ƙaramin ko tafiya bai fara ba."

Ya ƙwanƙwasa da yatsa.

Daga ciki aka amsa.

Buroshi ya suɓuce daga hannun Hashimu. Ya so ya yi addu'a, ya nemi farkon ayar ya rasa.

"Da aka sare mana rimi," in ji dattijon, "wanda ya gina waɗannan ya zo ya roƙe mu gafara. Ya ce ga ɗaki, ga ƙofa. Muka karɓa. Ba mu taɓa kowa ba. Har yaran da ke zubar mana da ƙazanta a bakin ƙofa, mun ƙyale su."

"To… to ka buɗe mana, baba."

"Da sunan Allah aka rufe. Aka sa ƙarfe. Ba na iyawa." Ya miƙe. Tsawonsa ya ƙaru, ko kuwa Hashimu ne ya ƙanƙance. "Wa ya rufe?"

"Ba ni ba ne."

"Na sani. Fenti ne a hannunka. Mai siminti nake tambaya."

Yana iya cewa gwamnati ce. Yana iya cewa Kallamu, da ya fi kusa da gaskiya. Yana iya yin shiru. Dattijon ya matso taku ɗaya, inuwarsa ba ta matso tare da shi ba. Sai Hashimu ya ji bakinsa ya buɗe da kansa.

"Sallau ne. Yayana."

"Sallau," dattijon ya maimaita, a hankali, kamar mai ɗanɗana gishirin miya.

Ya juya ya tafi, ya bar ƙwaryar a ƙarƙashin giwa. Hanyarsa ta bi ta kan ragowar kwaɓin da leburori suka bari a jiƙe. Hashimu ya dubi sawun. Kofato ne, irin na jaki. Kuma yana fuskantar inda mutumin ya baro, ba inda ya dosa ba.

Ƙarar motoci ta dawo. Can sai ga Sallau, yana sakace haƙori da tsinke.

"Kai, malamin makaranta, me ya same ka? Ka yi fari kamar an tsamo ka daga buhun fulawa."

Hashimu ya gaya masa. Ya faɗi zancen muryar, da ƙwanƙwasar, da sawun. Abu ɗaya ya tsallake.

Sallau ya leƙa kwaɓin. "Jakin masu yashi ne. Rana ce ta buge ka, ƙanena. Je ka sha ruwa." Ya jingina tsani a wuyan giwa, ya hau don ya ƙarasa gyaran haure. "Ni in buɗe abin da na rufe? Ai ko ni sai na yi da gaske."

"Yaya, don Allah sauko."

"Miƙo min kwanon nan."

Daga wani wuri da ba gaba ba, ba baya ba, aka kira.

"Sallau."

Ko yaro ya san ba a amsa kiran wanda ba a gani ba, balle da tsakar rana. Amma Sallau hankalinsa na kan haure.

"Na'am?"

Tsanin ya fice daga ƙarƙashinsa kamar an shure shi. Bai faɗo ƙasa ba. A iska wani abu ya cafe shi, ya maka shi da jikin giwa. Hashimu ya ji ƙarar haƙarƙari. Aka sake shi ya zube, aka kama ƙafarsa ɗaya, aka ja shi a kan tsakuwa, rub da ciki, yana ƙoƙarin riƙe ƙasa, faratansa suna ɓarewa. Aka buga kansa da dandamalin zaki. Kwanon siminti ya tashi da kansa ya sauka a fuskarsa. Sannan aka birkice shi rigingine.

Hashimu ya ruga ya kama hannunsa. Ya ja. Kamar ya ja gini. Yana kallo ƙirjin yayansa ya lotsa, wuri biyu, kamar an durƙusa a kai.

Sallau ya buɗe baki zai yi ihu. Yashi ya zubo.

Leburori suka iso da gudu. Da suka taru suna salati, nauyin ya ɗan saki. Suka ciccibe shi suka sa a a-daidaita-sahu, sai asibiti.

Likita ya ɗinke goshin, ya ɗaure ƙirjin, ya duba hoton da aka ɗauka. Ya ce haƙarƙari ya karye, amma huhu lafiya lau, babu abin da ya toshe shi. Aka sa masa robar iska a hanci. Tukunyar iskar tana aiki, iska tana shiga, amma Sallau yana jan numfashi kamar mai zuƙa ta tsinken ciyawa. Leɓɓansa suka fara baƙi. Gumi yana tsattsafo masa, ga fanka tana juyawa a kansa.

Matarsa Ladidi ta zo da mayafi a hannu, ko yafawa ba ta tsaya yi ba.

"Hashimu, me ya faru? Lafiya ƙalau ya fita. Har tsokanata ya yi a kan kunu."

"Daga tsani ya faɗo, Yaya Ladidi."

"Tsani ne ya cika masa baki da yashi?"

Hashimu ya matsa kusa da gadon. Sallau ya motsa yatsa. Hashimu ya kai kunne bakinsa.

"Duhu," in ji Sallau. "Zafi, Hashimu. Bango ko ta ina." Ya ja iska da ƙyar. "Wa ya kawo yara nan? Ka ce su daina kuka. Suna shanye min iskar."

Hashimu ya miƙe. Ya gane. Abin da na cikin giwa ke shaƙa, shi yayansa ke shaƙa. In tasu ta ƙare, tasa ta ƙare.

"Ina za ka?" in ji Ladidi. "Za ka bar ni da shi a haka?"

"Ki riƙe hannunsa. Kar ki bari ya yi barci."

La'asar ta yi sanyi lokacin da ya isa lambun. Ya tarar an sa wa ƙofa kwaɗo. An lulluɓe dabbobin da tampol, an kafa rumfa, ana sauke kujeru. Malam Kallamu yana tsaye da waya a kunne, a gefensa 'yan sintirin da aka ɗauko gadi, kowa da gora. Shugabansu Barau, gajere mai kaurin wuya, yana taunar goro.

"Malam Hashimu! Na ji abin da ya sami Sallau. Allah ya ba shi lafiya. An gode Allah da aiki ya riga ya kammala."

"Ranka ya daɗe, ina so in shiga. Ramukan nan zan buɗe."

Kallamu ya sauke wayar. "Ka ce me?"

"Ko na giwa kaɗai. Zan gyara bakin, ba wanda zai lura."

"Aikin da na riga na kai rahoto an gama? Dukiyar gwamnati ce yanzu, ba taka ba."

"Ran yayana ne a ciki."

"A cikin giwa?"

'Yan sintiri suka fashe da dariya. Hashimu ya faɗi abin da ya gani, a taƙaice, kansa a ƙasa. Kallamu ya saurara da fuskar mai jin tausayi, irin tausayin da ake yi wa wanda ya fara taɓuwa.

"Kai fa malami ne. Me zan ce in an tambaye ni? Aljani ne ya ba da umarnin a fasa? Je ka zauna da ɗan'uwanka." Ya shiga mota, ya sauke gilashi. "Barau, in ka ga wani da guduma a cikin lambun nan, ko ni ne, ka karya shi."

"An gama, yallaɓai."

Ta yamma akwai inda katangar ta zube, aka toshe da ƙaya. Ta nan Hashimu ya shiga, da almuru, ana kiran magariba. Guduma da cizil, ƙarfen fasa siminti, na Sallau ne, ya ɗauko su a ɗakin ajiyar kaya. Ƙaya ta yage masa riga da fata, bai tsaya ba. Ya rarrafa ya shige ƙarƙashin tampol ɗin giwa.

Ƙwaryar tana nan inda aka bar ta.

Ya ƙwanƙwasa. Shiru. Ya sake. Can aka amsa, sau ɗaya, da rauni, kamar da farce.

Ya kafa cizil, ya yi bisimilla, ya doka.

Wuta ta yi tartsatsi. Ko ɓarɓashi bai zubo ba. Kwaɓin Sallau ne. Ya doka, ya doka, girgizar tana hawa har haƙoransa. Cikin giwar yana amsa kowane duka kamar ganga, ƙarar tana cika lambun. Ya san ana ji. Ya ci gaba. Guntu ya ɓalle. Wani ya biyo.

Aka kama ƙafafunsa aka fizgo shi waje.

"Ɗan iska! Ashe da gaske kake!"

Gora ta sauka a gadon bayansa. Ta biyu a cinya. Ta uku ta fasa masa kunne, duniya ta yi ƙara ta juye. Takalma suka yi ta shiga cikinsa. Ya ji ɗanɗanon jini. Da suka ɗan ja baya suna haki, ya juya ya fara rarrafe, ya koma wajen giwa. Hannunsa na dama ya kai kan gudumar.

Barau ya taka wuyan hannun. Ya ɗaga gora da hannu biyu.

"Da wannan kake zanen ko?"

Ya sauke. Ya sake ɗagawa ya sauke. Yatsun suka karye kamar busasshen kara. Hashimu ya yi wata ƙara da bai san tana cikinsa ba.

"Ku bar shi ya yi aiki."

A bayan kunnen Barau aka faɗa. Ya juya da gorar cikin zafin nama, ya kai duka inda ya ji muryar. Ba kowa a wurin sai abokin aikinsa. Gorar ta same shi a baki. Haƙora suka watsu a kan tsakuwa.

Sai Barau ya ga ƙafafunsa sun bar ƙasa.

Aka ɗaga shi kamar ɗan tsako. Tampol ya yaye da kansa. Aka buga shi da goshin giwa, aka janye, aka sake bugawa. Goron bakinsa ya fito tare da jini. Sannan aka ɗaga shi sama kaɗan, aka saita shi, aka cusa cinyarsa a kan sabon hauren da Sallau ya ɗaura da rodi. Hauren ya ɓullo ta ɗaya gefen. Aka bar shi a rataye, yana kiran uwarsa.

Sauran suka zubar da gorori. Wani ya haura ƙofar da ke kulle, ya bar tsokar hannunsa a kan ƙarfen. Mai fasasshen baki ya bi su da rarrafe.

Dattijon yana tsaye a gaban Hashimu. Bai ko yi haki ba.

"Tashi. Sun daina amsawa."

Hashimu ya koma ƙarƙashin giwa. Hannun dama ba ya riƙe komai. Ya danne cizil da tafin, karyayyun yatsun suna reto, ya ɗauki guduma da hagu. Hagun bai san aikin ba. Dukan farko ya kuskure, ya sauka a kan yatsun. Ya yi amai. Ya goge baki da kafaɗa, ya sake saitawa. Jinin Barau yana ɗiga a kan tsakuwa kusa da kansa, ɗis, ɗis.

Kankaren ya tsage. Ya rufta. Saura ragar waya.

Ba shi da abin yanka. Ya zura abin da ya rage na hannun dama cikin ragar, ya maƙale ta da wuyan hannu, ya tokara ƙafa a jikin giwa, ya ja da dukan jikinsa. Wayar ta shiga nama. Ta kai ƙashi. Ta fito.

Iska mai zafi ta bugi fuskarsa, mai warin ɗakin da aka daɗe ba a buɗe ba. Wani abu babba ya wuce ta kansa, ya tsaya. Bai ga komai ba, amma ya ji ana kallonsa, kusa, har numfashin yana motsa masa gira. Sannan ya wuce. Ƙanana suka biyo baya, suna tuntuɓe da ƙirjinsa, suna tari.

Sai shiru.

Dattijon ya durƙusa. Ya zura hannu cikin ramin har kafaɗa. Ya daɗe yana lalube. Ya zaro hannun a hankali, ya haɗa shi da ɗayan. Hashimu bai ga komai a hannuwan ba. Amma ya san yadda ake riƙe jariri. Ya kuma san yadda ake riƙe wanda kansa ya langaɓe.

Wata mace da ba a gani ta kurma ihu. Sababbin fitilun da aka kafa don bikin Asabar suka farfashe a jere, daga giwa har bakin ƙofa. Barau ya daina kiran uwarsa, ya suma.

Dattijon ya miƙa wa iska abin da ke hannunsa. Aka karɓa.

Hashimu ya kwanta rigingine, ya rufe ido. Sai ya ji ƙwanƙwasa. Daga wajen zaki. Sannan ɓauna. Sannan can bakin tafki.

"Maƙwabta," in ji dattijon.

"Baba, hannuna…"

"Yayanka duka ya rufe."

Ya tashi. Yadda ya yi, shi ma ba ya iya faɗa. Ya san ya yage rigarsa ya ɗaure cizil a hannun da ya lalace, ya ja ƙullin da haƙori. Ya san ya faɗi a tsakanin zaki da ɓauna, aka ɗaga shi ta ƙeya aka tsayar. Na kada ya fi wuya, don sai da ya kwanta cikin busasshen taɓo ya yi duka a kaikaice. Duk wanda ya buɗe, iska mai zafi ta wuce ta kansa, ba godiya, ba zagi. Jimina ce ta ƙarshe. Da ragarta ta fito, masallatan unguwa suna sallame isha'i.

Ya zauna ya jingina da ƙafar jimina. Abin da ke ƙarshen damtsensa bai yi kama da hannu ba.

Dattijon ya zo da ƙwaryar. Ya ɗauke faifan. Abin da ke ciki fari ne, mai kauri, kamar fura. Ya kama hannun Hashimu ya tsoma har wuyan hannu. Sanyi ya ratsa shi. Zafin ya ɗauke ɗif, kamar an kashe fitila.

"Na iyalina ne. Yau ba mai ci. Ladan buɗewa ke nan."

"Yayana fa?"

"Na sauka daga kansa."

Hashimu ya fara kuka, ba sauti.

"Saurara, mai fenti. Kar ka ƙara bi ta lambun nan kai kaɗai. Ko da rana, ko da dare. Ko ta bakin katangar. Uwargida ba ta ga wanda ya rufe ba. Wanda ya buɗe ta gani, kuma a makare ya buɗe." Ya mayar da faifan. "Ta tambaye ni sunanka."

Hashimu ya ɗago kai.

"Ban ba ta ba. Mu ba ma bayarwa."

Ya juya. Sawunsa a kan taɓo yana dawowa, shi yana tafiya, har ya shige duhun da ke ƙarƙashin giwa.

Hashimu ya fita ta inda ya shigo. A bakin titi ya gaya wa masu shayi akwai mutum a rataye a lambu, su nemi tsani da mota. Ya san da safe 'yan sanda za su zo nemansa. Ya tari a-daidaita-sahu, ya cusa hannun dama cikin ragowar rigarsa. Mai tuƙin ya dube shi ta madubi, bai kuma karɓi kuɗinsa ba.

Tun daga baranda ya jiwo muryar Ladidi.

"Hashimu! Alhamdu lillahi! Ya amayar da shi, yashi cike da tasa, likita har ya kira wani ya zo ya gani. Yanzu ruwa yake ta sha…" Ta ga fuskarsa. "Innalillahi. Wa ya yi maka haka?"

"Ba komai, Yaya Ladidi."

Sallau yana zaune, an jingina shi da matashi. An cire robar. Fuskarsa a kumbure, ido ɗaya a rufe, amma ƙirjin yana hawa yana sauka yadda ya kamata.

"Malamin makaranta," ya ce, muryar a dishe. "Ka fasa min aiki ko?"

"Na fasa, Yaya."

"Duka?"

"Duka."

"Da wuya ko?"

"Da wuya."

Sallau ya so ya yi dariya, haƙarƙarin ya hana shi. "Na gaya maka. Zo nan. Ba ni hannu."

Hashimu ya miƙa hagu. Sallau ya ture shi, ya kamo na dama daga cikin riga.

Hannun ya haɗe. Ba rauni, ba jini, yatsu biyar a miƙe. Amma launinsa toka-toka ne, sanyi ƙalau, kuma yatsun ba sa lanƙwasuwa. Ladidi ta toshe baki. Sallau ya juya shi, ya shafa bayansa da babban yatsa, yadda yake duba shafe in ya kwana. Ya ƙwanƙwasa da farce. Ya ba da sauti.

Ya daɗe yana kallonsa. Sannan ya ɗago ido ɗayan da ke buɗe.

"Hashimu. Wanda ya durƙusa a ƙirjina, ban taɓa ganinsa ba. Amma da sunana ya kira ni." Ya ja numfashi, cikakke. "Wa ya ba shi?"

Hashimu ya ja hannunsa. Sallau bai saki ba.